Tawa: Kafin a Haƙa Kwal, a Fara Auna Rijiya

Motar Tawa tana barin Yamai ne tun kafin asuba, don a ci rabin hanya kafin rana ta buɗe ido. Tafiyar kusan kilomita 550 ce: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sai a Tsarnawa a bar hanyar Maraɗi a miƙe arewa, a ratsa Badagishiri a faɗa Tawa. A watan Afrilu na yi ta, tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfen jikin tagar mota ba ya taɓuwa da hannu bayan azahar. Abin da ya kai ni shi ne maganar kwal ɗin Salkadamna, wanda wasu ke ce wa gawayin ƙasa.

Tun a hanya maganar ta fara nuna kanta. Kusan kowane ƙauye da muka wuce akwai tarin itace a bakin titi, an ɗaure shi dami-dami ana jiran mai saye. Wanda ya san itace, idan ya duba da kyau zai lura da abu guda: yawancinsa sirara ne, geza da sabara, wani ma saiwa ce aka tono. Idan masu itace suka koma tonon saiwa, to daji ya kai maƙura, domin kututturen da ya kamata ya sake tohowa da damina shi ne ya tafi murhu. Mafi yawan gidajen Nijar da itace suke dafa abinci, birni da ƙauye. Duk mai son yin magana kan kwal a ƙasar nan ya riƙe wannan a ransa.

Salkadamna tana arewa maso yammacin Tawa, kimanin kilomita 80, a yankin Takanamat. A watan Yuni na 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne kuma ɗan jihar Tawa, ya aza tubalin aikin a can. Tsarin da aka bayyana shi ne mahaƙar kwal, da tashar lantarki da za ta kai megawat 600, da masana'antar curin gawayi na girki don a rage sarar daji. Tubalin ya shekara da shekaru yana jiran gini. Hukumomin yanzu sun sake tada maganar, kuma dalilinsu a fili yake. Hanyar zuwa wurin ba ta biyuwa yadda aka ga dama a ƴan shekarun nan saboda matsalar tsaro, shi ya sa na yada zango cikin garin Tawa. Mutanen yankin suna shigowa cin kasuwar Lahadi, a nan ake samun su.

Daren farko wuta ta ɗauke bayan isha'i. Unguwa duka ta fito da tabarmi waje. A fadar samarin da ke ƙofar masaukina ana ta dafa shayi cikin duhu, da na ambaci kwal, ba wanda ya tsaya dogon tunani. Wani tela ya ce ɗinkin da ya karɓa yana jibge, keken lantarki ya zama ado. Wani mai sayar da ƙanƙara ya ce idan firiza ta kwana babu wuta, jarin ranar ya narke ke nan. A kawo wuta kawai, ko da me za a ƙona.

Ba na ganin laifinsu. Kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Nijeriya yake zuwa kafin 2023, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse wutar a farkon Agusta cikin takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta saka, ba a maido ta ba sai a 2024. Watannin nan sun koya wa kowa cewa fitilar da makunninta ke gidan maƙwabci ba taka ba ce. Har yau kuma wajen mutum ɗaya ne cikin biyar a ƙasar ke da lantarki a gidansa. Kwal ba baƙo ba ne a gare mu: kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙarsa a Anu Araren kusa da Cirozerin, kuma tun farkon shekarun 1980 injinansa biyu, kowane megawat 18.8, ke ba mahaƙan uraniyom na Arlit da garin Agadas wuta.

To mene ne ya tsayar da Salkadamna tsawon wannan lokaci? Babban abin shi ne kuɗi, kuma kuɗin siyasar duniya ce ta toshe shi. Masu adawa da kwal a ƙasashen waje sun gane cewa ba sai sun tsaya gaban katafila ba, ya isa su rufe ƙofar banki. Bankin Duniya ya taƙaita ba da rancen tashoshin kwal tun 2013. Aka yi yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2015. A 2019 shugaban Bankin Raya Afirka na lokacin, Akinwumi Adesina, ya ce bankin ya fita daga harkar kwal. A Satumba 2021 Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ba za ta ƙara gina sabuwar tashar kwal a ƙetare ba, ita da ta kasance madogarar ƙarshe ga ƙasashe irin namu. Bayan wata biyu taron sauyin yanayi na Gilasgo ya rubuta batun rage kwal cikin matsayarsa. Ingila, inda aka fara samar da lantarki da kwal, ta kashe tasharta ta ƙarshe a ƙarshen Satumba 2024. A Afirka ma an yi: a 2019 kotun muhalli ta Kenya ta soke lasisin tashar Lamu saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta ce ba, a Bargny ta Senegal kuma mata masu ƙyafe kifi sun daɗe suna ja da tashar da aka dasa musu kusa da wurin sana'a.

Hujjar masu adawar gaskiya ce, kuma mu ne kan gaba wajen shan wahalar sauyin yanayi. Ambaliyar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Amma idan ka kawo wannan hujja a fadar shayi a Tawa, amsar tana bakin kowa: wa ya ɓata sama? Ɗan Nijar ɗaya, a lissafin shekara, hayaƙin da yake fitarwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne. Na Ba'amurke ɗaya ya ninka haka fiye da sau 100. Wanda ya ƙoshi ne yake hana mai yunwa taɓa tukunya, haka mutane ke ganin abin, kuma ba za ka ce sun yi ƙarya ba.

Ni damuwata ta fi karkata ƙasa, wajen ruwa. Ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan takarda. Tasha mai megawat 600, idan ta yi aiki awa 7,000 a shekara, za ta ba da kilowat-awa biliyan 4.2. Kowane kilowat-awa na kwal yana fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon, wato sama da tan miliyan 4 a shekara, fiye da abin da motoci da injina da masana'antun ƙasar duka ke fitarwa yanzu. Kwal ɗin da za ta ci, idan mai kyau ne rabin kilo kan kowane kilowat-awa, tan miliyan 2 ke nan da ɗoriya. Idan mai rauni ne ya kusa ninka haka. Ko da kashi 20 cikin 100 ne kawai toka, an sami tan 400,000 na toka kowace shekara da sai an nema mata wurin zama.

Sai ruwa. Tashar kwal tukunya ce babba: a niƙa kwal, a ƙona, a tafasa ruwa, tururi ya juya injin, sannan a sanyaya tururin ya koma ruwa a sake zagayawa. Wajen sanyayawar nan ne ruwa ke tafiya. Idan da hasumiyar ruwa ake yi, kusan lita 2 ke bin iska kan kowane kilowat-awa. A ninka da biliyan 4.2, an sami lita biliyan 8.4 a shekara. Mutumin da ke rayuwa da jarka ɗaya mai lita 20 a yini yana shan lita 7,300 a shekara. Ruwan mutum fiye da miliyan ɗaya ke nan. Akwai wata hanyar, ta sanyayawa da manyan fankoki, wadda ke rage shan ruwan da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai ta fi tsada wajen gini, fankokin suna cin wani kaso na wutar, kuma ƙarfin tashar yana raguwa idan zafi ya tsananta, wato daidai watannin da aka fi bukatarta. Tambayar farko da ya kamata a yi wa duk wanda ya zo da takardun aikin ita ce: da me za ku sanyaya, kuma daga wane zurfi za ku jawo ruwan?

Ranar Lahadi, a gefen kasuwar dabbobi, aka haɗa ni da wani dattijo mai haƙar rijiya daga wajen arewa. Tafin hannunsa kamar ƙirgi, igiya ta ci shi ta bar layi-layi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, rijiyoyinku gaba nawa ne?"

Ya ce, "Ɗana, wace iri? Ta fadama gaba uku, huɗu ka tarar da ruwa, amma ba ta kai bazara. Ta tudu sai ka ba raƙumi igiya ya yi tafiya kafin wasaki ya fito."

Na tambaye shi abin da ke faruwa idan aka kafa famfo mai inji kusa da tsohuwar rijiya. Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da yatsa, ya loma tsakiyarta. Ya ce mai ƙarfi yana janye ruwan zuwa gindinsa, na kewaye sai su bi shi da ƙarin igiya, wata rana guga ya dawo da laka.

Abin da ya zana shi ne ainihin abin da injiniyoyi ke koyo a makaranta. Mahaƙar fili ana fara ta ne da kankare ƙasar sama mai taki a tara gefe, sai a kwashe duwatsu da yumɓun da ke rufe da kwal hawa-hawa kamar matakala. Da ramin ya gangara ƙasa da matakin ruwa, dole a dasa famfuna su yi ta zuƙa dare da rana, in ba haka ba rami ya zama tabki. Zuƙar nan tana sa matakin ruwan ƙasa ya lotsa kamar mazurari, kuma bakin mazurarin yana iya kaiwa kilomitoci. Rijiyar hannu ce ke fara ƙafewa, domin ita ce mafi gajarta. A yankin makiyaya rijiya ita ce gari: saniya ɗaya tana shan lita 30 zuwa 40 a yinin bazara, garken da ya rasa rijiyarsa kuma kudu zai gangara, cikin gonaki, kafin a kwashe amfanin gona ko bayan an yi shuka. Mun san abin da hakan ke haifarwa.

Matsala ta biyu ba ta nuna kanta da wuri. Kwal da duwatsun da ke tare da shi sukan ƙunshi wani ma'adini mai ƙyalli na ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da an tono shi ya haɗu da iska da ruwan sama sai ya koma ruwa mai tsami, ya narkar da ƙarfe da sauran guba daga dutse, ya gangara ƙorama jawur kamar tsatsa. Ruwan saman Adar, wato ƙasar Tawa, kuma ba a hankali yake sauka ba, sa'a ɗaya ta isa ta cika kwari. Maganinsa sananne ne: a ware dutsen mai tsami daga marar tsami tun wajen tono, a shimfiɗa yumɓu a danne shi a ƙarƙashin tarin, a haƙa magudana ta kewaye zuwa tafkin tacewa, a zuba dutsen farar ƙasa ya kashe tsamin. Wannan dutse akwai shi a jihar, shi ne kamfanin siminti na Malbaza ke aiki da shi. Ana kuma iya cuɗa shi cikin wutar tukunya ya kama hayaƙin farar wuta, tokar mai laushi ma tana shiga siminti. Duk wannan kuɗi ne, kuma shi ake fara yankewa idan kasafi ya matse. Tarin kwal da aka bari sako-sako yana kama wuta da kansa, sai an danne shi an riƙa juyawa. Toka busasshiya kuwa, idan ba a jiƙa ta an rufe ba, iskar hunturu za ta raba ta gida-gida.

Ɓangaren da ya fi ba ni wahalar yanke hukunci shi ne na girki. A wata unguwa na zauna wajen wata mai tuwon sayarwa da ke aiki da gawayin ƙasa, irin wanda ake gasawa a Cirozerin a kawo buhu-buhu. Gasawar tana fitar da kwalta da yawancin hayaƙin da ke cikin ɗanyen kwal kafin ya iso murhu. Murhunta na ƙarfe ne mai kauri, an yaɓe cikinsa da yumɓu, da raga a tsakiya da ƙofar iska a ƙasa. Ta jera ƙirare da ɗan gawayin itace, ta kunna, ta ɗora baƙaƙen dunƙulen a kai, ta yi ta fifita. Ya ɗauki kusan sulusin awa kafin ya yi ja.

Na ce, "Inna, wannan jira bai dame ki ba?"

Ta ce, "Malam, wuyarsa kamawa. In ya kama, da shi zan tuƙa tuwo, in yi miya, in dafa wake, da saura."

Ta nuna mini gindin wata tsohuwar tukunyar dalma da wutar ta cinye. Ta ce sai an riƙa zungurar ragar da ƙarfe, don tokarsa tana da yawa, idan ta toshe iska wuta ta mutu. Ba a gasa nama kai tsaye a kansa. Abu mafi hatsari shi ne shigar da murhun ɗaki lokacin sanyi don jin ɗumi: yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Da na tuna damman saiwar geza na bakin hanya, sai na ga wannan murhu yana da hujjarsa. Kwal ɗin girki kaɗan ne idan aka gwada da cikin tashar megawat 600, kuma ba ya bukatar hasumiyar ruwa. Bai kamata a ɗaure su a dami ɗaya ba, a ce wanda ya karɓi ɗaya sai ya karɓi ɗayan.

Rana ma ba labari ba ce a jihar nan. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara a 2023, ana tsakiyar takunkumi. Ana gina irinsu cikin shekara ɗaya ko biyu, ruwan da suke ci na wanke ƙura ne. Rauninsu dare, kuma batir har yanzu da tsada. Madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara mai megawat 130 ita ma ana ta jiranta. A ganina a cika rana da waɗannan tukuna, sannan a zauna a lissafa abin da dare ke bukata, kafin a ɗauki bashin tashar da za ta shekara 40 tana shan ruwan Adar da na Azawak, yankin makiyaya na arewa.

Wa zai faɗi wannan a inda ake yanke shawara? A Jamus jam'iyya ce guda ta masu kare muhalli ke ɗauke da maganar, har ta shiga da ita gwamnatin tarayya daga 2021 zuwa 2025. A nan an dakatar da jam'iyyu tun 2023, aka rushe su a Maris 2025, kuma ko lokacin da suke nan, ba kwal ne abin da suke faɗa a kai ba. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun fi sanuwa da bin diddigin kuɗin ma'adinai. Mutanen Arlit sun ga yadda ake rufe mahaƙa, kamar ta uraniyom ta COMINAK a 2021, a bar tsaunin shara a bayan gari. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne doka da shaida. Dokar 2018 kan tantance illar ayyuka ga muhalli ta wajabta bincike da sauraron jama'a kafin a ba babban aiki izini. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Hukumomin filaye na karkara suna ba da takardar gona, suna kuma rajistar burtali da makiyaya da rijiyoyin dabbobi. Wanda bai da takarda ranar biyan diyya, bakinsa kawai zai kawo.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi kuma ba ta bukatar injiniya. Idan rijiya ta ƙafe bayan an fara aiki, za a ce fari ne, kuma ba mai iya musantawa sai wanda ya auna tun kafin katafila ta iso. A sami igiya marar miƙewa, a ɗaura mata ƙulli kowace mita, a sa ƙaramin ƙarfe a bakinta. A yi alama da fenti a wuri ɗaya a bakin rijiya, kullum daga nan za a saki igiya. A auna sau ɗaya a wata, rana ɗaya, da asuba kafin kowa ya jefa guga, domin awon rana bayan an sha ɗiba ƙarya yake yi. A rubuta kwanan wata da zurfi a littafi biyu, ɗaya wajen maigari, ɗaya wajen malamin makaranta ko liman, mutum biyu su sa hannu. Sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara, a ɗebi ruwa cikin kwalba mai lita ɗaya da aka ɗauraye sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta fal, a rufe, a rubuta suna, a kai ma'aikatar ruwa a gwada tsami da gishiri da ƙarfe, a karɓo sakamakon a rubuce. Shekara biyu ko uku na irin wannan awo sun isa su nuna yadda rijiya ke hawa da sauka da kanta.

Na yi wa dattijon nan wannan bayani a inuwar wata aduwa, ana ta cinikin raƙuma a bayanmu. Ya saurara har na gama, sannan ya gyara mini abu ɗaya. Ya ce igiyar roba tana miƙewa da zafi, ta kaba kuma tana ƙanƙancewa idan ta jiƙe, don haka a riƙa gwada igiyar da sandar awo duk wata uku. Ya ce rubutu ba nasa ba ne, amma yana da jika a makarantar sakandare a nan Tawa. Muka shiga cikin kasuwa, ya zaɓi igiya da hannunsa yana murza ta yana ja, ni kuma na sayi littattafai biyu masu bango mai kauri da biro. Ya naɗe su cikin buhun gero, ya ɗaure a bayan motar da za ta koma arewa kafin la'asar.